Kunyar da Ta Yi Munshari a Maiyama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ni gaida surukai a Maiyama, shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi. Har yau idan Kulu, uwar 'ya'yana, tana son ta kashe min baki, hanci kawai take ja ta yi gurnani.

Lokacin kakar albasa ce a Aliero. Da rana ina gona, da dare ina lodin motocin da za su Kudu. Barci kuwa na ɗauke shi aikin ragwaye (har gori nake yi wa masu yin sa, Allah Ya yafe min). Abin da ke riƙe da ni shayi ne, wanda nake zuba wa suga har cokali ya kusa tsayawa a ciki.

Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata, shi ya goya ni a babur. Tun daga Jega yake ja min kunne: mahaifin Kulu tsohon direba ne mai wuyar sha'ani, ya riga ya kori masu nema biyu. In zauna a ƙasa, in sunkuyar da kai, kada in ɗaga ido, kada in taɓa abin da aka kawo. Magana kuwa ta Kawu ce.

Haka na yi. Zauren akwai sanyi, tabarmar sabuwa, ga ƙwaryar fura an ajiye a gabana. Na sunkuyar da kai yadda aka ce. Manya suka shiga tambayar gida da gona da ruwan bana. Abin da na ji na ƙarshe shi ne tsohon yana cewa, "Ummaru, wanga yaro akwai kunya. Ko motsi bai yi ba."

Sauran labarin daga bakin Kawu na ji shi. Wai tsohon bai rufe baki da yabon ba, sai ga wata ƙara kamar tirela na hawan tudu. Kawu ya yi tari don ya rufe, ya ƙara yin tari. Ya miƙo ƙafa ya zungure ni, ni kuma na tafi gaba ɗaya, goshi da hula cikin ƙwaryar fura.

Na ɗago fura na ɗiga daga gemuna, ina jin dariyar mata ta bayan katanga. Na gane muryar Kulu a ciki. Na ce shi ke nan, na zama na uku.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya tambayi yaushe rabona da barcin kirki, da yawan shayin da nake sha, da ko ina yawan jin ƙishi. Na faɗi gaskiya (mutumin da fura ke ɗiga a fuskarsa ba shi da abin ɓoyewa). Sai ya ce shi ma haka ya yi ƙuruciyarsa a kan sitiyari, ga shi yanzu ciwon suga ya raba shi da furar gidansa. A asibiti aka gaya masa rashin barci na hana jiki sarrafa suga yadda ya kamata, har ya buɗe wa ciwon ƙofa.

"Ɗiyata ta yi jinyar ubanta," in ji shi. "Ba ni ba ta miji ta sake jinya. Tahi a gwada jininka, ka bar aikin dare, sannan mu yi zancen rana."

Aka gwada, aka ce ban kamu ba amma ina bakin gaɓa. Na bar lodi, na rage suga, na koma kwanciya bayan isha'i kamar kaza. Bayan damina aka ɗaura.

Darasin da na koya: barci haƙƙin jiki ne, idan ka hana shi a gadonka, zai zo ya karɓa a gaban surukinka.