Ranar da na yi wa Turawa gyaran da ba su nema ba

Zamanin da kuɗin mai ya cika gari, ma'aikatarmu ta tura ni Landan kwas ɗin lantarki. Wata Asabar abokina Sule ya ja ni unguwar Charing Cross kallon wasu samari masu kiɗa irin na Jamusawa. Injin kiɗansu sai gurnani yake, ba ganga, ba waƙa. Ni da na tsufa a gyaran rediyo? Na ce, "Sule, waya ce ta saki." Na haye dandamali da ƙarfin gwiwata, na zare soket.

Wuri ya yi tsit. Sai 'yan kallo suka ɓarke da tafi, sun ɗauka salo ne. Mai injin ya dafe kai. Ashe gurnanin shi ne kiɗan.

Har yau in janareta ya tashi, ɗan banzan nan Sule sai ya ce, "Injiniya, Jamusawa sun fara, je ka cece su."