Tsuntsun Teku a Ɗakin Marigayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa surukata kuka a kan tsuntsu ba.

Wata biyu da aurena muka je bakin teku a Shu'aiba, can gaba da Makka, ni da maigidana. Muka tarar da tsuntsayen teku birjik a kan yashi, wasu a mace, wasu a tsaye shiru suna kallon ruwa, ko ka matso ba sa motsi. Tausayi ya rinjaye ni. Na naɗe ɗaya a gyale na cusa a kwali, maigidan bai sani ba.

A gidanmu na unguwar Shisha ɗaki ɗaya ne ba a shiga, na surukina da ya rasu bara. Can na ɓoye shi, har da zuba masa alkama (ni 'yar Makka, duk mai fiffike tattabarar Harami ce a wurina). Ko kallonta bai yi ba.

Washegari da la'asar ƙawayen Hajiya, surukar tawa, suna shan shayi a falo, sai wani kuka ya fito daga ɗakin, dogo, a shaƙe, kamar na tsoho mai jinya. Duk suka juya wajen ƙofar. Ya sake.

"Esh hada? Mene ne wannan?" in ji wata, tana janye ƙafafunta.

Hajiya ta ajiye kofi. "Haka Alhaji yake nishi a kwanakinsa na ƙarshe. Ko bai samu kwanciya ba ne?"

Ni kuwa, marar kunya, na fi kowa ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu. Sai da na ga hawayenta, na ji tana cewa ko ita ce ta gaza a jinyarsa, sannan na miƙe na buɗe ƙofar. Gogan ya fito yana tangaɗi, ƙarni na biye da shi, ya tsaya tsakiyar falo.

"Umma, nawa ne," na ce. Na so ƙasa ta tsage.

"Khalas, shi ke nan," in ji Hajiya, "a mayar da shi ruwa kafin ya mutu a hannunki."

Ina ɗaure kwalin ta matso, ta ce a hankali, "Bari ya ƙara yi sau ɗaya tukuna."

Muka jira, bai yi ba. Tun daga ranar, in tausayi ya motsa mini, sai na fara tambayarsa a ɗakin wa zai sauka.