Ranar da Na Cire wa Kawu Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kunna wa unguwar kasuwar Malumfashi wutar lantarki ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen garin ba za su bar ni ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, ana ta kiran a ba 'yan Arewa aiki. Hukumar lantarki kuwa tana fama: injuna tsofaffi, masu gyara ba su taka kara sun karya ba. Kawuna Alhaji Garba ɗan majalisa ne, sai ya yi magana ɗaya aka ɗauke mu, mu 'yan samarin jam'iyya, aka zuba mu a gidan wuta. Ilimina na lantarki a wannan rana bai wuce sauya batirin tocila ba (shi ma wani lokaci sai na juya shi sau biyu). Amma kafin mako ya zagayo, har a Bakori an ji cewa ɗan ƙanwar Alhaji ya zama injiniya. Ni kuwa ban ƙaryata ba. Wa ya ƙi daɗi?

Shugabanmu Mista Ojo ne, wani Bayarabe da ya tsufa a Arewa, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya raba mana takalman roba masu kaiwa gwiwa, ya ce, "Ko gobara ake yi, kada wanda ya cire wannan a wurin aiki." Kullum roƙonsa ɗaya ne, a tura mu makarantar koyon sana'a a Kaduna, in ba haka ba a sallame mu kafin wani ya mutu a hannunsa. Kawu kuwa ya kafe. "Yaranmu sun iya," in ji shi. "So ake a ce ɗan Arewa bai iya ba." Ni dai ina tsakiya, ina son aikin kamar raina, kuma na san ban iya ba, amma bakina ya yi nauyi.

Ranar bikin kunna wutar da damina ta faɗo. An yi ruwa da hantsi, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Da la'asar aka cika filin: hakimai, 'yan kasuwa, manoman auduga, Maguzawa daga ƙauyuka da matansu, kowa ya zo ganin fitilar da ba ta shan kananzir. Aka kafa lasifika daf da akwatin ƙarfen da makunnin yake ciki. Kawu ya ce ni ɗansa ni zan ɗaga hannun makunnin, shi kuma ya dafa, mai hoto ya ɗauka.

To, ga inda tarbiyya ta kashe ni. Tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa gaban Kawu da takalmi a ƙafa ba. Da na hango shi tafe, maroƙa na biye, ƙafafuna da kansu suka fice daga robar nan. Na durƙusa na ce, "Barka da isowa, Kawu." Wata tsohuwa ma ta yaba, "Kai, yaron ga akwai ladabi!" Kaina ya ƙara girma. Na miƙe ƙafa tsirara a cikin laka, na gyara hula, na kama ƙarfen. Kawu ya ɗora hannunsa a kan nawa, yana yi wa mai hoto murmushi.

Ashe ruwan safe ya shiga akwatin.

Abin da na ji ban san da me zan kwatanta shi ba, sai dai a ce kunamu ɗari sun haɗa baki. Haƙorana suka kama kaɗawa, hannuna ya ƙi sakin ƙarfen. Sai na buɗe baki, ni injiniya guda, mai shirin aure, na kurma ihu: "Wayyo Inna!" Lasifikar nan kuwa ba ta rufa mini asiri ba, ta kai maganar har bakin tasha. Kawu shi ma ya ɗanɗana rabonsa, ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba, hularsa ta faɗa cikin taɓo. Allah Ya sa Mista Ojo na kusa da inji, ya kashe shi nan take.

Na farfaɗo a zaune cikin laka, ana yi mini fifita. Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage in shige. (Inna, wadda na kira, tana cikin taron. Ta ce ta ji, amma ta ja mayafi ta rufe fuska.)

Mista Ojo bai yi faɗa ba. Ya ɗauko hular Kawu ya kakkaɓe, ya miƙa masa, ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, yaran nan suna da basira. Koyarwa ce ba su samu ba."

Kawu ya daɗe yana murza hannunsa. Can ya ce, "Makarantar nan ta Kaduna, yaushe ake shiga?"

Kafin a cire auduga duk mun tafi. Da muka dawo, mu muka riƙe gidan wutar, har muka ja waya zuwa ƙauyukan da ba su taɓa mafarkinta ba. Na yi furfura a aikin, na koyar da yara masu yawa, kuma ban taɓa sa wani ya kama ƙarfe don kawunsa babba ne ba. Sunan dai ya bi ni. Har jikokina sun san wane ne Injiniya Wayyo Inna.

Na koyi cewa kawu yana iya sa a ɗauke ka aiki, amma lantarki ba ta san kawun kowa ba. Shi ma Kawu ya koya. Duk ranar da ya zo gidan wuta bayan nan, tun daga ƙofa yake ɗaga mini hannu yana cewa, "Tsaya nan, ɗan nan! Gaishe ni da takalminka."