Kaka Doguwa Ta Gwada Mijinta da Tiya Goma

"Lafiya lau, sai kewarki. Ya gajiyar hanya, amaryata 'yar shekara saba'in?"

"Saba'in ba biyu, maras kunya. Matso nan in gan ka da kyau."

Ranar Asabar ce, ƙarfe sha ɗaya da kwata, a layin 'yan hatsi na kasuwar Sabon Gari. Makon Yunana bakwai da shiga jami'a a Samaru, kuma yana neman gurbi a cikin 'yan tseren makaranta. Ranar Laraba, a zagaye na uku cikin biyar, ya yanke jiki ya faɗi a fili. Abokin ɗakinsa Bamidele ya buga wa baban Yunana waya, baban ya ce magana ɗaya ce: yaro ya kwaso kayansa daga ɗakin kwanan ɗalibai ya dawo gida Unguwar Gabas, ya riƙa bin bas kullum, tsere kuwa an gama shi. Kaka Doguwa, mahaifiyar baban, ita ta ce a dakata ta ga mijinta da idonta tukuna. Aka tsayar: ƙarfe sha biyu baban zai kira ta, abin da ta faɗa shi ke nan. Saura minti arba'in da biyar.

"Wayyo ni Doguwa," ta ce tana zagaya shi. "Na aika miji makaranta, an dawo mini da sillen kara. Ina sauran?"

"Wannan shi ake kira jikin 'yan wasa, tsohuwa. A zamaninku sai mutum ya yi tumbi kamar randa ku ce lafiya ce."

"Juya."

"In juya in yi me?"

"Shekara arba'in ina kiwon raguna, ban taɓa tambayar rago lafiyarsa ba. Bayansa nake taɓawa. Juya, na ce."

Ya juya. Ta ɗora yatsu huɗu a gadon bayansa, ta bi ƙashin tun daga wuya har ƙugu, ta matsa haƙarƙari. Mai wake ya bar awo yana kallo.

"Malam," ta ce da shi, "in aka kawo maka wannan ana jibi Kirsimeti, za ka taya?"

"Mama, ni dai hatsi nake sayarwa."

"Ka ji ko? Ko tayi babu. Kifin da ya haɗiyi annabi mai sunanka, da kai ya samu, da ƙashi ya tsaya masa a maƙogwaro."

"Ke kuma da ke ya samu, da surutu ya sa ya amayar da ke tun kafin la'asar." Yunana ya zaro waya daga aljihu. "Duba nan. Taku dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu kullum. Tsallen kwaɗo hamsin. Ruwa kofi takwas. Na shiga makaranta da kilo sittin da huɗu, yanzu ina hamsin da takwas. Duk kilo ɗaya da na zubar, gudu ne na ƙara."

"Gudun da ya kai ka ƙasa ranar Laraba?"

"Santsi ne."

"Santsi a watan da ko raɓa babu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, maigida. Tunda lissafi ne sana'arka, lissafa mini abin da ka ci jiya."

"Da safe ayaba ɗaya, ƙwai ɗaya."

"Da rana?"

"Kokwamba biyu."

"Ina jin ka."

"Da yamma taliyar leda, rabi."

"Rabi! Ɗaya rabin ka ajiye wa magada ne? Ina tsakin da na surfa maka da hannuna? Ina kuka, ina daddawa, ina gyaɗar miya?"

Yunana ya dubi agogon wayarsa. Sha ɗaya da rabi.

"Na yi kyauta da su."

"Ka yi me?"

"Ranar farko da na ɗora miya, Wisdom, ɗayan abokin ɗakin namu, ya buɗe taga ya ce ɓera ya mutu a ƙarƙashin gado. Mutum shida suka shigo neman gawar. Washegari na ba matar da ke mana shara."

"Daddawata ce gawar ɓera?"

"Ba ni na faɗa ba."

"Kai ka yarda, ai ka fi mai faɗar laifi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Shi wannan Wisdom ɗin me yake ci?"

"Teba da miya, sau uku a rana."

"Ya taɓa faɗuwa a fili?"

Kaka ta juya ga mai hatsi ta ce ya auna wake tiya shida, tsaki tiya huɗu, ya haɗa a buhu ɗaya ya ɗaure. Yunana ya ƙirga kowace tiya da ido har goma.

"Daga nan zuwa tashar Samaru taku nawa ne, mai lissafi?"

"Ɗari huɗu, ko da ɗoriya kaɗan."

"To ga buhu. Ka kai shi tasha ba ka sauke ba, in ce wa ubanka ya bar ka. Ka sauke, yau a Unguwar Gabas za ka kwana, in shimfiɗa maka tabarma kusa da akuyoyina."

"Wannan ɗin? Ai da ke zan haɗa in ɗauka, ki zauna a kai kina ba ni labarin zamanin Turawa."

"In ka ji ganga tana zaƙi, fashewa za ta yi. Bismilla."

Ya cicciɓi buhun ya saɓa a kafaɗa. Suka kutsa tsakanin masu baro da 'yan acaɓa, yana ƙirgawa da ƙarfi don ta ji.

"Arba'in. Kina baya, tsohuwa, ko in aiko a ɗauko ki?"

"Ina nan. Ƙafafunka nake kallo, suna gaisawa da juna."

"Tamanin. Rawa suke yi, murnar rabuwa da ke."

"Rage baki, ka adana numfashi."

"Ɗari da goma."

Daga nan muryar ta fara sirancewa. A ɗari da talatin gumi ya jiƙa masa riga. A ɗari da arba'in da uku ya tsaya, layin 'yan manja ya juya masa sama ta koma ƙasa, buhun ya zame ya faɗi tim. Kaka ta cafki bel ɗinsa ta baya da hannu biyu, ta ja shi kan bencin wata mai fate da ke gefe.

"Yunana! Dube ni. Yunana!"

Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ta kira sunansa tsirara haka ba. Ya buɗe ido. Hannunta na kan wuyansa.

"Kaka, kar ki faɗa wa Baba."

"Rufe mini baki. Yarinya, zuba fate, cika kwanon, ki sa gyaɗa da yawa."

"Saura mako uku a zaɓi 'yan tsere. In na koma gida, bas ba zai kai ni fili ƙarfe shida ba. Mako bakwai ina..."

"Mako bakwai kana kashe mini miji da kokwamba. Ni na tsaya gaban ubanka na ce a bar ka ka zauna a makaranta, na ce na san abin da na rena. Sha."

Wayarta ta yi ƙara daga cikin lalitar da ke ɗaure a zanenta. Sha biyu daidai. Yunana ya ajiye cokali. Ta bar ta ta yi ƙara sau biyar sannan ta ɗauka.

"Ina cikin awo, ban gama ba. Ni zan kira." Ta kashe.

"Ai na riga na sauke buhun," ya ce a hankali.

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Laifina ne, na gwada rago ban ba shi dusa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku a makarantarku in mutum ya faɗi jarrabawa, korarsa ake yi?"

"Yana sakewa."

"To sha, ka sake. Amma sau ɗaya."

Ya shanye kwanon farko a cokali talatin da biyu. Na biyun ya manta bai ƙirga ba. Ta sa shi ya zauna minti ashirin da biyar, tana zayyana masa sharuɗa: koko da ƙosai kafin fili, wake da rana, tuwo ko fate da yamma, lemo da gwanda in ya samu, kokwamba kuma ta koma matsayinta na 'yar rakiya. Duk Asabar ya zo ta taɓa bayansa.

"Duk Asabar? Ashe kewata ce ke damunki, ki fito fili ki faɗa."

"Kewar me? Tsoro nake ji kar 'yan zumuntar matan coci su ce na yi takaba sau biyu. Tashi."

Ta kwance mayafinta, ta naɗe shi gammo, ta ɗora masa a ka. Ita da mai fate suka kama buhun suka aza.

"A ka? Kaka, akwai 'yan ajinmu a kasuwar nan."

"Su gani. Gara su gan ka da gammo da su gan ka a ƙasa. Saura nawa?"

"Ɗari biyu da hamsin da bakwai."

Wannan karon a zuci ya ƙirga. Ita kuwa tana biye da shi, hannunta ɗaya a buɗe kusa da ƙugunsa. A bakin tasha kwandasta ya miƙo hannu zai karɓi buhun, Yunana ya ce a'a, sai da ya taka har gindin bas ya sauke da kansa.

Kaka ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zaro waya ta miƙa masa ya lalubo mata lambar babansa.

"Kai, ka bar yaron nan inda yake," ta ce da aka ɗauka. "Ba ciwo ba ne, wauta ce, kuma na san gidan da ya gado ta. A'a, ni na ce. In ya sake faɗuwa, da kaina zan je Samaru in ɗauko shi a baro."

Ta kashe wayar. Yunana ya jingina da bas, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Na sallama, tsohuwa. Daga yau ke ce maigida."

"Daga yau? Yaro, tun ranar sunanka."