Eriyar Da Na Juya Wa Surukina

Har gobe ba zan taɓa mantawa da abin da neman suna wurin suruki ya jawo mini ba. Lokacin saura sati biyu a tabbatar da ni a aikin injiniya a wani kamfanin waya a Abuja, kuma takardar tabbacin nan ita Alhaji, mahaifin yarinyar da nake nema, yake jira kafin a sa rana.

Alhaji yana da shagon atamfa a can ƙuryar kasuwar Gudu, inda sabis ba ya kaiwa. Duk gaisuwar da na je sai ya ce, "Ɗan nan, kai ne mai gyaran sabis, amma ni sai na fita bakin titi nake waya?" Tun ina dariyar yaƙe har abin ya ishe ni.

A aikinmu kowane ƙarfen sabis yana da iyakarsa. Shi ya sa ake sunkuyar da kan eriyoyinsa ƙasa, don kada muryarsa ta shiga gonar maƙwabcinsa su riƙa magana tare, waya ta rasa wa za ta saurara. Na san wannan sarai (har jarrabawa na ci a kai, wai ni gwani). Amma wata Asabar na hau wani ƙarfe da ke nesa, na ɗaga kan eriya ɗaya ta kalli shagon Alhaji, na ƙara mata ƙarfi. Ban sanar da kowa ba sai Alhaji.

Alhaji ya samu sabis fal, ya yi ta sa mini albarka. Sauran kasuwar kuwa ta rikice, kira yana shiga yana yankewa. Shugabanmu, Oga Sunday, ya ce in binciko dalili. Ni kuma da ƙarfin hali na rubuta shafi uku na ɗora laifin a kan ruwan sama da wani sabon bene.

Ranar Laraba 'yan kasuwa suka turo wakilai ofis, kuma wa zan gani a gaba in ban da Alhaji? Oga yana cikin karanta musu rahotona, Alhaji ya katse shi.

"Ranka ya daɗe, ba ruwan sama ba ne, rashin mai kishi ne. Ga yaronku nan, ranar Asabar ya hau ya juyo mini abin, tun daga nan shagona lafiya lau. Ku bar shi ya yi wa kowa haka mana."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Oga ya ajiye takardar a hankali ya dube ni.

"Kai ne ruwan saman?"

Alhaji, bawan Allah, sai murmushi yake, a ganinsa hanyar ƙarin girma yake share mini.

A ranar aka sa na mayar da eriyar yadda take, aka ƙara mini wata shida na gwaji. Biki ya ja baya, Alhaji ya koma waya a bakin titi, yana gaya wa maƙwabta cewa gyaran yaran zamani ba ya ƙarko.

Abin da na koya: in za ka yi wa suruki alheri ta bayan gida, fara gaya masa cewa ta bayan gida ce. In ba haka ba, a gaban oganka zai yi maka godiya.