Rasuwar Ta-Wurma, Sufanar Malam Hudu Maƙeri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa haushi a gefe ba, Malam Hudu Maƙeri na Wurma yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maharban ƙasar Kurfi, waɗanda suka tsaya da shi da waɗanda suka sulale, rasuwar babbar sufanarsa ta kwance hancin bindiga, wadda aka fi sani da Ta-Wurma. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a daminar 1962, a bakin aiki, tana da shekara ashirin da uku a duniya.

Ba a kanti aka sayo marigayiya ba, kuma Malam Hudu ya ce a rubuta wannan yadda kowa zai gani. Shekarar da ya gāji maƙera daga mahaifinsa ya taka har Katsina neman abin kwance hanci. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan ya ajiye. Wata haƙora gare ta, in ta kama ƙarfe sai ta bar masa tabo. Wata ƙotarta gajeriya ce, sai mutum ya yi ta nishi a banza. Wata kuwa bakinta sako-sako, irin masu zamewa su fasa wa mutum yatsa. Ƙarshe dai ya dawo da guntun sifirin wata mota da ta mutu a hanya, ya kwana tara yana dukansa, sannan ya naɗe bakin da fatar akuya, ya barbaɗa garin ƙaro don kada ta zame. Haka aka haifi Ta-Wurma.

Duk wanda ya zauna da ita ya san mai haƙuri ce. Tana kamawa ba ta cizo. Za a matse gindin bindiga a tsagin kututturen kirya, a jiƙa mahaɗar da man gyaɗa kwana uku, sannan a ɗauko ta. Sai ka ji ta ce ƙiii, a hankali, sannan ƙas, shi ke nan hanci ya saki. Wannan ƙas ɗin ita ce maharba ke baro gonakinsu su zo ji, daga Ɗantutture har gefen Dutsin-Ma. Ba ta taɓa lanƙwasa hancin kowa ba, ba ta taɓa zuwa aro ba, ko ranar da tsatsa ta kama ta sai da ta yi aiki.

Lafiyarta ƙalau har shekara biyu da suka wuce, lokacin da wani tsohon soja mai suna Tomas ya buɗe wurin gyaran mota a Dutsin-Ma. Mutumin kirki ne, in ji mutane, kuma wannan ne ya fi ƙona ran Malam Hudu. Tomas yana da ƙarfen matsi na Turawa ɗaure a jikin tebur, da sufanoni goma sha biyu jere a akwati, kowace da ɗakinta. Malam Hudu ya rantse bai taɓa zuwa kallonsu ba. Sau uku dai ya wuce ta ƙofar, ta ɗaya gefen hanya, kuma Allah ne kaɗai ya san yadda aka yi ya ƙirga su har goma sha biyu. Maharba suka fara karkata can ɗaya bayan ɗaya. Wanda a da yake gaishe shi tun daga nesa, yanzu sai ya ɓoye bindiga a bayan riga ya bi ta bayan gari. Ƙyashi ya hana Malam Hudu cin tuwo, ko sunan Dutsin-Ma aka ambata sai ya ce zafin wuta ne ya sa shi gumi.

Mutum ɗaya ya rage, wato Atiku, Sarkin Bakan Wurma. Muddin shi yana zuwa maƙera, sauran ma wata rana za su dawo don kunya. In ya tafi kuwa, an gama.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne a kafaɗar Atikun. Birai sun dame shi a gona, gero ya fara nuna, ga wata tsohuwar bindiga ƙirar Turawa da ya samo wurin wani fatake, hancinta ya toshe da tsatsa. Ya ajiye ta, aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwan sama. Da zai yi shiru a nan da yanzu Ta-Wurma tana raye. Amma sai ya ƙara da cewa jiya ya biya ta wurin Tomas, don ruwa ya tare shi kawai, Tomas ya duba ya ce wannan aikin Malam Hudu ne, ya fi shi hannu, sai dai a gaya masa irin wannan ba a murɗa ta. Akwai wata 'yar ƙusa da ta ratsa ta ƙasa, ita ake fara bugewa, hancin ya zare da kansa.

Malam Hudu ya juya bindigar, ya kankare tsatsar da farce. Ga ƙusar nan kuwa, ƙarama, daidai inda aka ce. Masaba tana kusa da gwiwarsa. Bugu biyu kawai ƙusar ke bukata.

"Ka gan ta, Malam?" in ji Atiku.

"Na gan ta. Shekara ashirin da ukku ina kwance hanci, Sarkin Baka, ba mai gyaran mota ne za ya koya mani ba."

Bai jira kwana ukun man gyaɗa ba. Ya matse bindigar a kututture, ya ɗauko marigayiya, ya zura mata dogon bututu a ƙota don ƙarin ƙarfi, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya danna, ta ce ƙiii. Ya sake dannawa, ta sake cewa ƙiii, wannan karon da wata murya da bai santa da ita ba. Ya ce Atiku ya kama masa, suka rataya su biyu. Ba ta ce ƙas ba. Tau ta ce, sau ɗaya, ta rabe biyu daga wuya. Ƙattin maza biyu suka zube a toka, ƙusar kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Atiku ya kakkaɓe riga, ya yi ta'aziyya, ya saɓa bindigarsa ya nufi Dutsin-Ma, kuma ta tsakiyar gari ya bi. An ce kafin ya gama shan ruwan da aka ba shi Tomas ya miƙo masa hancin.

Marigayiya ta bar abokin zamanta kututturen kirya, wanda tun ranar bakinsa yake buɗe. Ta bar masaba da awartaki da magagari, da zugazugi da ya tsufa yana haki, da kwalbar man gyaɗa da ba a taɓa ba. Ta bar Malam Hudu, wanda ya san abin da ya kashe ta, kuma ba ya son a tambaye shi.

Da farko an sa jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don jama'a su samu zuwa. Liman ya ce shi babu ruwansa, ƙarfe ne. Sai jiya saƙo ya iso daga Dutsin-Ma. Tomas ya ce ya duba hancin bindigar Atiku, duk da wannan murɗar bai ga ko ƙwarzane ɗaya ba, kuma tun da yake bai taɓa ganin sufana mai irin wannan riƙo ba. Ya ce kada a yar da ita, zai zo da kansa ranar Juma'a da kayan walda a bayan mota ya haɗa ta, ta koma kamar da. Hawwa'u, matar Malam Hudu, ta ce ai Allah ne ya kawo sauƙi, ya bari a gyara masa abin sana'arsa ko maharba sa dawo. Malam Hudu ya dubi guntayen biyu.

"Ta tashi a hannun Tomas," in ji shi, "kullum na kama ta in ji hannunai a ciki? Bar ta ta kwanta, Hawwa'u."

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an dawo da jana'iza ranar Alhamis da sassafe. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar maƙera har kwana uku, kuma duk baƙon da ya iso ranar Juma'a za a shimfiɗa masa tabarma a ba shi fura, a gode masa. Za a binne kan marigayiya a bayan maƙera, a idon kowa. Ƙotar kuwa Malam Hudu zai kai ta makwancinta shi kaɗai, kuma ya roƙi kada kowa ya raka shi.