Ranar da Na Sauya wa Yara Iyaye

Har yau ban manta da bikin ba da kyaututtukan Islamiyyarmu ta Yakasai ba, na shekarun farko bayan an koma mulkin farar hula. Lokacin na gama difiloma a kan kwamfuta, kuma duk wanda ya gaishe ni sai ya sha labari.

Makarantar tana da wata tsohuwar manhaja da ke buga takardun shaidar ɗalibai. Wani malami da ya bar aiki ne ya rubuta ta da yaren kwamfuta na BASIC. Da aka sayo sabuwar kwamfuta, sai manhajar ta ƙi tashi a kanta. Shugabanmu, Malam Lawan, ya ce mu rubuta da hannu, yara arba'in ne kawai. Na ce Allah ya kiyaye, ina nan? Na tafi kafen intanet a Mandawari, na samo wata manhaja mai fassara rubutun wani yaren kwamfuta zuwa wani, na zuba mata namu, ta mayar da shi yaren C kafin in shanye ruwan leda. (Na dawo ina tafiya kamar ni na ƙera ta.)

Abin da ban sani ba, tsohuwar manhajar daga ɗaya take fara ƙirga, shi kuwa C daga sifili. Mai fassarar ta gyara wannan a jerin sunayen yara, ta bar jerin iyaye yadda yake. Ni kuma na buga, na ga takardun sun yi kyau, ban karanta ko guda ba.

Ranar biki iyaye sun cika rumfa. Malam Lawan ya miƙa mini lasifika, ya kuma sanar cewa aikin Malama ne da kwamfutarta. Na kira yarinya ta farko, Maryam Garba. Ba wanda ya motsa. Na sake kira. Can sai Alhaji Garba, wani dattijo mai sayar da fatu, ya miƙe a hankali.

"Malama, 'ya'yana tara, duk maza ne. Wannan yaushe aka haifa mini ita?"

Hajiyarsa ta juyo tana kallonsa ta saman tabarau. Na duba takarda ta biyu, ta uku, kowane yaro na ɗauke da uban na bayansa. Na arba'in ɗin, Allah sarki, ko uba bai samu ba.

Malam Lawan ya matso kusa da ni. Ya karɓi lasifikar, ya kira yaran nan da ka, kowa da sunan ubansa har da kakansa. Bayan la'asar na zauna na sake rubuta takardun da biro, sannan na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Mahaifiyar Maryam ta ba ni fura, ta tambaye ni ko in an ƙara bugawa za a iya ba su wanda ya fi Alhaji Garba gidaje.

Yanzu ni ma manhaja nake rubutawa, kuma ina amfani da masu fassarar nan. Amma kafin in nuna wa kowa aikinsu, sai na rufe ƙofa na karanta shi da ƙarfi, ni kaɗai.